Ranar da Na Leƙa Cikin Wuyana

Shekarar da maƙoƙon nan ya fara hana ni kwanciya rigingine, na zama mace mai uzuri. Likita a Kano ya ce aiki za a yi a cire shi, don ya fara danne hanyar numfashi. Ya rubuta takarda ya ba Malam, maigidana. Na ce to, a bari a shigo da gero. Aka shigo da gero, aka jera dammuna a bayan rumbu. Na ce ai ga gyaɗa ba a cire ba. Aka cire gyaɗa, na ce wake fa, wa zai tsaya a kan casarsa? Malam ya dube ni ya ce, "Ke da tun da aka kawo ki gidan nan ba ki san iyakar gonata ta gabas ba, yau kuma ke ce Sarkin Noma?"

Gaskiya ya faɗa. Ni mutuniyar gida ce. Garinmu yana gaba da Minjibir kaɗan, gida da gona, gida da gona, darnin wannan yana taɓa na wancan. Ba sai na fita ba, labari shi yake zuwa ya same ni. Daga tsakar gida ina gane babur ɗin wa ya wuce, ina gane dakan wa ake yi da ƙarar taɓarya. Mata su shigo aron rariya su manta da rariyar, mu yi ta hira har inuwa ta juya. Amma a watannin nan zama ya gagare ni. In share tsakar gidan da na share, in ja tabarma daga gindin darbejiya zuwa bakin madafi, in sake dawo da ita. In fara ɓarar gyaɗa, in tashi in duba akuya, in tarar akuyar tana nan inda na bar ta tana kallona.

Kowa ya ɗauka wuƙa nake tsoro, na bar su a haka. Abin da ke cina daban ne. Ranar da muka je asibiti, likitan ya sassauta murya ya yi wa Malam bayani, yana zaton ba na ji. Ni kuwa kunnena ba ya barin komai ya faɗi ƙasa. Ya ce akwai jijiyar murya da take bi ta bayan abin, in an taɓa ta murya kan dushe, wani lokaci ta dawo, wani lokaci ba ta dawowa. Malam ya ce ba komai, in dai da rai. Shi da zai iya wuni da kalma goma, me ya sani? Ni na san wata mata a unguwar gabas da aka yi wa irin aikin nan. Na je gaishe ta, na tarar tana tafa hannu in za ta kira jikokinta. Ta buɗe baki za ta sa baki a hira, kafin iskar ta fito an wuce maganar, sai ta yi murmushi ta gyara ɗankwali. Tun ranar hoton nan bai bar idona ba. To amma ta yaya tsohuwa kamata za ta ce wa mutane ta fi tsoron rasa surutu a kan rasa numfashi? Dariya za a yi min har a gidan biki.

Ana cikin haka Malam ya buga wa 'yata ta fari waya ya kai ƙarata.

Sai na ɗan yi bayani a nan, don yaran yanzu ba su san abin ba. Mu a yadda muka taso, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Yarinyar nan ana yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta, daga baya ƙanena ya tafi da ita Kano ya sa ta boko. Ta taso tana jin ƙannena suna ce min Yaya, ita ma Yaya take ce min har yau. Ni kuma in zan ambace ta sai in ce waccan, ko 'yar Kano. Ni da nake magana da kaji da tukwane, shekara talatin ban taɓa zama na yi hira da abin da na haifa ba. Ba na jin haushin hakan, haka na ga an yi, haka na yi.

Ta karanta kwamfuta, ta samu aiki tare da wasu likitoci. Da aka tambayi Malam a ƙofar masallaci aikin me take yi, ya ce tabarau suke haɗawa. Sati bai zagayo ba tsofaffi uku suka aiko a taimaka musu da na karatu.

Ta iso ran Asabar da hantsi, da wata baƙar jaka a kafaɗa. Dama na aika an kira min ƙanwar Malam, wadda yara suke ce wa Gwaggo, ni ma na bi bakinsu. Ita ce mai shiga tsakaninmu in waccan ta zo, kuma bakinta ba ya gajiya da tsokanata.

Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon turmi. Na ce, "Gwaggo, tambaye ta ko ta karya."

Gwaggo ta ce, "Ga ta nan a gabanki, kurma ce? Ke 'yar Kano, matarmu ta ce ko kin karya. In ba ki karya ba kuma ki yi haƙuri, don tun da ta zama manomiya ba a samun koko mai daɗi a gidan nan."

Aka yi dariya, aka kawo ƙosai. Bayan ta ci ta zuge jakar ta fito da wani abu kamar ƙaramin akushi mai maɗauri. Ta fuskanci Gwaggo tana bayani, amma kowa ya san da ni take. Ta ce tabarau iri biyu suke aiki a kai. Na farko likita ne zai sa a ɗakin tiyata, yana kallon majiyyaci yana kuma ganin jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata an zana masa su a kai, don ya san inda zai bi. Wannan ba a gama ba, ana ta gwaji. Na biyun kuma na majiyyaci ne, ya sa ya ga ɗakin da za a shigar da shi tun yana gida, don in ranar ta zo kada wurin ya zame masa baƙo. Shi ta kawo.

Gwaggo ta ce a fara da ita, in abin cizo yake yi ya cije ta. Aka ɗaura mata. Ta miƙe tsaye ta ware hannu, ta ce, "Salamu alaikum!" Ta tattare zani ta tsallake abin da babu shi, saura kaɗan ta yi fatali da ƙwaryar wakena. "La ilaha illallahu, ɗaki ne guda! Ina kuka ɓoye shi? Matarmu, zo ki ga fitila, ta fi faifanki faɗi." Can kuma sai ta yi tsit, ta ce a cire mata, ta miƙo min ba tare da wasa ba. Ban lura da hakan ba sai daga baya.

Na zauna a kan tabarma, Gwaggo ta ɗaura min. Tsakar gidana ta ɓace. Ga ni a ɗaki fari tas, ƙasa tana sheƙi, ga fitilar nan a sama. Na juya kai, ɗakin ya juya da ni. Kafin in gama mamaki sai na gan ni a kwance a kan wani siririn gado, an ja min farin ƙyalle har ƙirji. Maza huɗu suka zo suka jeru a gefena, fuska a rufe, hannaye a sake. Babu wanda ya yi sallama. Babu wanda ya ce sannu. Ko tari babu. Ina jiyo kazata tana kiran 'ya'yanta daga wata duniyar, amma a cikin ɗakin nan shiru ne irin wanda na sani a wuri ɗaya kawai.

Na fizge abin daga fuskata. Na ce, "Gwaggo, gaya mata an gode. An nuna min likkafanina da masu yi min salla tun ina da rai."

Yarinyar ta zaro ido. "Yaya, ba haka ba ne, likitoci ne, tsayuwar da suke yi ke nan kafin…"

Gwaggo ta katse ta. "Wallahi 'yar nan, ni ma sahu na gani. Na dai yi shiru ne kada a ce na cika baki."

Yarinyar ta zauna daɓas a kan kujerar tsuguno, abin yana cinyarta. Ta ce wata da watanni suna haɗa ɗakin nan, likitoci sun sa, ɗalibai sun sa, babu wanda ya ce haka. Sun cire ƙara ne da gangan, don kada ƙarar ƙarafa ta firgita mutum. Gwaggo ta ce, "To su sun taɓa wanke gawa? Ni da uwarki mun wanke ta fi a ƙirga. Farin ƙyalle da shiru da maza a jere, me ya rage, kabbara?"

Da Malam ya dawo daga sallar azahar na sanar da shi cewa sai an yanke dawa. Ya ɗauki hularsa ya koma zaure. Na fi son ya yi faɗa.

Yinin nan ban san inda zan sa kaina ba. Waccan ta shige ɗaki da kwamfutarta, ta jona ta da batirin sola. Ina jin yatsunta suna ƙwas-ƙwas, su tsaya, su ci gaba. Na ji ta buga waya tana magana rabi Hausa rabi Turanci, muryarta ƙasa-ƙasa, na kuma ji ta ja hanci sau biyu. Na wuce ta ƙofar ɗakin da tsintsiya, na dawo da buta, na sake wucewa da itacen da ba na buƙata. Na dama fura da nono mai yawa na ba Gwaggo ta kai mata, na ce kada ta ce ni na dama. Gwaggo ta ce, "Sai in ce akuya ce ta dama."

Washegari da safe Gwaggo ta koma gidanta, surukarta ba lafiya. Malam ya tafi gona duba dawa. Gida ya rage daga ni sai ita, abin da na yi shekaru ina kauce wa. Ina zaune ina tsince wake sai na ji takunta. Ta tsaya nesa kaɗan, ta fuskanci rumbu ta ce, "Da Yaya za ta yarda ta sake sawa, akwai wani abu daban. Ba ɗakin ba ne."

Na kwashe tsakuwa uku daga cikin waken, na zubar. Sannan na miƙa hannu ban dube ta ba. Ita ta ɗaura min, karon farko da na ji yatsunta a ƙeyata tun tana goye.

Wannan karon babu gado, babu mutane. Wani abu ne a rataye a gabana, girmansa ya kai turmi, yana juyawa a hankali. Na ji muryarta ta gefen dama tana cewa wuyana ne. Daga hoton da aka ɗauka a Kano suka haɗa shi. Na ga maƙoƙon, kamar ƙaton dankali mai kai biyu, igiyoyi ja da shuɗi sun nannaɗe shi kamar yaɗon kabewa a kan darni. Na ga maƙogwarona, ya lanƙwashe gefe kamar karan da aka jingina wa buhu. Shekara da shekaru ina ɗauke da abin nan ina lulluɓe shi da mayafi, sai yau muka ga juna. Can ta baya, a maƙale, ga wani siririn zare rawaya.

Ban san ya aka yi ba. Ba na ganin fuskarta, ba na ganin tsakar gida, babu idon kowa a kaina. Sai na ji bakina ya ce, "Wannan zaren fa, na mene ne?"

Ina jin ita ma ta lura da ita nake kai tsaye. Ta ce, "Jijiyar murya ce, Yaya."

Shi ke nan, kamar an fasa randa. Na gaya mata abin da likita ya faɗa wa Malam. Na gaya mata matar unguwar gabas da tafin hannunta. Na ce ni ban iya karatu mai yawa ba, ban iya kasuwa ba, ban san hanyoyin Kano ba, abin da Allah ya ba ni bakin nan ne da kunne. In aka mayar da ni gida ba murya, me aka mayar? Na yi magana har iska ta ƙare min, na tsaya na ja, na ci gaba.

Ta ce, "Ashe ba mutuwa kike tsoro ba."

Na ce, "Mutuwa ai tana nan ko na je ko ban je ba. Ke dai gaya min, tabaran naku zai hana a taɓa zaren?"

Na so ta ce e. Da ta ce e da na yarda, ko da na san lallashi ne. Amma ta ce ba za ta yi min ƙarya ba. Tabaran likita ba a ba shi izinin shiga ɗakin tiyata ba tukuna, sai nan gaba, wataƙila jikokina su ci moriyarsa. Zaren ma hoto ba ya nuna shi sarai, sun zana shi ne a inda aka san yana bi. Abin da ta sani shi ne likitan da zai yi min aiki ya sa tabaran nan sau biyu a ofishinsa, ya juya wuyan nan sama da ƙasa, ya duba ta inda zai shiga da inda zai yi taka-tsantsan. Alkawari kuwa babu mai iya yi min.

Na ce, "To kin ga."

Ta ce, "Yaya, kin fi kowa kunne. Kin ji yadda kike tsayawa a tsakiyar magana ki ja iska? Bara ba kya yi. Abin nan girma yake, yana danne maƙogwaron, yana danne zaren. In an bar shi, shi zai cinye muryar da kansa, ya haɗa da numfashin."

Na ji, mana. Na riga kowa ji. Tun damina na lura labarin da nake bayarwa da numfashi ɗaya yanzu sai na raba shi uku, kuma in na kira yara daga bakin zaure ƙarshen kiran yana karyewa. Na dai ƙi saurara ne, ni da nake sauraron komai. Na zauna ina kallon dankalin nan yana juyawa, zaren yana ɓuya yana fitowa.

Don in kauce wa maganar na ce, "Wancan ɗakin naku kuma, ku gyara shi kafin ku kashe wata tsohuwar da tsoro."

Ta ce in gaya mata yadda za a yi. Na ji ta buɗe littafi. Na ce duk wanda zai shigo ya yi sallama. Wani ya ce sannu Mama, ya jiki. A ji bismillah. A bar ƙarafan su yi ƙararsu, ƙarar aiki ba ta tsorata mace, ai a cikinta muke wuni. A sa mace ko ɗaya a cikinsu, kuma kada su jeru, wannan ya tsaya nan wancan ya wuce can. Ƙyallen kuma a samo mai launi. Tana rubutawa tana tambaya, ina amsawa ina ƙari. Daga nan muka zarce. Ta tambaye ni ranar da aka haife ta, na ba ta labarin ruwan da aka yi da yadda ungozoma ta zo da takalmi ɗaya. Ta yi dariya, na ji dariyar mahaifiyata ce sak, ban taɓa sani ba.

Muna cikin haka wuyan ya ɓace, cajin abin ya ƙare, duhu ya rufe min ido. Ta ce bari ta cire min. Na ce ta bari tukuna, ban gama ba. Na ƙarasa labarin a cikin duhun nan, na ƙara wani. Sai da na ji ƙarar keken Malam a zaure sannan na kwance maɗaurin da kaina, na miƙa mata ina kallon waken.

Malam ya shigo yana karkaɗe wando. Na ce, "Malam, dawar nan za ta iya shigowa ba ni. A gaya wa 'yar Kano ta sanar da likitan." Ya dube ni, ya dubi yarinyar da take tsaye a bayana, ya ce, "An gaya mata."

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Kwana tara da suka rage kafin ranar aikin na yi su ne ina magana kamar mai kwashe kaya daga ɗakin da ya kama wuta. Duk wadda ta shigo sai na riƙe ta. Na ba Gwaggo labaran da ta ji sau goma, har ta ce a yi aikin nan da wuri ko kunnenta ya huta. A mota ma ban yi shiru ba har muka shiga Kano.

Aikin kansa ban san komai a kai ba. An sa min allura, wata ma'aikaciya ta ce in yi bismillah, na yi. Abin da na sani na gaba shi ne wuyana a naɗe, bakina a bushe, likita a tsaye a kaina yana cewa, "Mama, ki ce wani abu mu ji." Na tattara duk ƙarfina na ce a ba ni ruwa. Abin da ya fito kamar ƙarar tsohon ƙyaure ne, amma ya fito, kuma an gane. Likita ya ce alhamdulillahi, sauran sai a hankali, ƙasan muryar zai riga samanta dawowa, saman kuma sai abin da Allah ya yi.

Sati shida na yi ina magana kamar mai mura. Kullum da safe sai in gwada sallama a cikin ɗaki ni kaɗai, in saurari abin da ya ƙaru. Kafin a gama sussukar dawa hira ta dawo, kuma ina kai ƙarshen labari ban tsaya neman iska ba.

Bayan wata huɗu aka yi suna a maƙwabta. Da aka fito da jaririyar mata suka juyo suna kallona, don a unguwarmu ni nake fara guɗa. Na kama hanci na ɗaga kai. Muryar ta taso ta kai wani wuri ta tsaya, kamar mai hawa tsani ta tarar an cire matakin sama. Na sake gwadawa, haka. Mata suna jira, sai Gwaggo ta karɓe ta daga bayana, ta rangaɗa wata mai gargada da ta sa kowa dariya. Na sauke hannuna, na gyara mayafi, na koma gindin tukunya wajen masu tuƙa tuwo, na tambaye su a ina aka tsaya.